Hayaƙin da Masu Jakuna Ke Bi

Juma'a, 1 ga Rajab 1347, bayan La'asar

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne Sahabi, mai hura wutar tukunya a gidan gurzar auduga na nan Gusau. Gidana ya yi shiru, shi ya sa na ɗauko tawada da alƙalamin da na rabu da su tun barina makarantar allo.

Hadiza, mai ɗakina, ta tafi Bungudu wurin iyayenta shekaranjiya. Ba yaji ta yi ba, kada wani ya ce. Da yarinyar ta tafi. Yarinyar nan 'yar fari ce, saboda haka ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, ban kuma taɓa tambayar lafiyarta da bakina ba. Haka muka tarar, su Hadiza kuwa Fulani ne, kunyarsu ta ninka tamu. Tari yarinyar take yi tun da aka buɗe gurzar bana. Abin da ya faru ranar Talata da safe ba zan rubuta shi ba. Numfashin dai ya dawo mata, alhamdu lillahi.

Surukata Inna Maimuna ce ta zo da kanta ta tafi da su. Da za ta fita ta ɗaga kai ta dubi dogon bututun gidan gurza, ta ce, "Sahabi, ranad da abin ga ya bar tohi bisa gidanka, zo ka ɗauki iyalinka." Na durƙusa na ce to.

Asabar, 2 ga Rajab, bayan Magariba

Tukunyar tamu ta ƙarfe ce, a kwance take, ta fi ɗakin kwanana tsawo. Ruwa a cikinta, wuta a ƙarƙashinta, tururin da ya tashi shi ke juya injin da ke raba auduga da angurya. Itace ba ya isa, don haka anguryar da inji ya tofar ita muke zuba wa wuta. Angurya kuwa mai gare ta. In na watsa shebur ɗaya, sai bututu ya yi aman baƙin hayaƙi mai kauri. Da sanyin safiya ba ya tashi sama, sai ya kwanta a kan bukkokinmu na ma'aikata da ke bayan katanga. Kunkunniya a tulun ruwa, a garin tuwo, a hancin kowa.

Da hannuna nake yin sa. Wannan shi ne abin da ya hana ni cin tuwo yau.

Litinin, 4 ga Rajab, da Azahar

Hayaƙi baƙi. Ba labari daga Bungudu.

Talata, 5 ga Rajab, bayan La'asar

Ndagi ya same ni ina zaune a kan buhun angurya na yi tagumi. Ndagi shi ne fita, mai gyaran inji, Banufe ne da ya koyi aikin a jiragen ruwa na Kwara. Tun da ni Bakatsine ne, ba ma haɗuwa ba mu yi wasa ba.

"Bawana," in ji shi, "wa ya mutu? Ko dawa ce ta ƙare a ƙasar Katsina?"

Na ce, "Ubangijinka na tunani, kai kana surutu. Hayaƙin ga ya ishe ni."

Ya daina dariya. Ya san dalili, duk unguwa an sani, amma ya yi mini kara bai ambata ba. Ya zauna ya ce a wani jirgi da ya yi aiki ya ga an yi wa hayaƙi magani da tururi. Ya ce hayaƙi abinci ne da wuta ta haɗiye ba ta tauna ba, saboda iska bai ishe ta ba. In aka jawo siririn bututu daga tukunya, aka feso tururi da ƙarfi a saman harshen wuta, tururin zai ja iska ya shigo da shi ya dama da hayaƙin, sai wuta ta cinye shi kafin ya kai waje. Aikin zugazugin maƙeri ke nan, in ji shi.

Labbo, abokin aikina da muke karɓar shebur da juna, yana gefe yana saurare. Mutumin Tsafe ne, bakinsa ba ya gajiya. Ya ce, "Tururi dai ɗan ruwa na. Tun da nike ban taɓa ganin an shayar da wuta ruwa ta yi godiya ba."

Ni ma a raina haka na gani. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Alhamis, 7 ga Rajab, bayan Magariba

Ndagi ya kai maganar wurin Baturen gidan, wanda muke kira Mai Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinsa. Ya yarda nan take. Kunkunniya na sauka a kan gurzajjiyar auduga tana ɓata farinta, abin ya daɗe yana damunsa. Shi audugarsa, ni tawa damuwar. Ba komai, tafiyarmu ɗaya ce.

Lahadi, 10 ga Rajab, da hantsi

Yau ba aiki. Na share tsakar gida ko da yake ba wanda ya ɓata ta. A bayan randa na tsinci 'yar tsanar karan da aka yi wa zane da tsumman rigata. Na mayar da ita inda take.

Litinin, 11 ga Rajab, da Azahar

Wata mai tallan nono ta zo daga wajen Bungudu. Na tsaya nesa ina goge shebur wanda ba ya bukatar guga. Labbo ya lura, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ke mai nono, kin san gidan Inna Maimuna? Yaya Luba, ɗiyar wanga marar baki?" Bakinsa ne ya faɗi sunan, ni rubutawa kawai na yi.

Ta ce tana shan kunu, amma har yanzu a zaune take kwana, an jingina ta da bango. Na sayi nonon da ban sha ba.

Laraba, 13 ga Rajab, bayan La'asar

Mun gwada, bai yi ba.

Ndagi ya huda bangon murhu a saman ƙofar wuta, ya sa bakuna uku na ƙarfe, ya haɗa su da bututu mai famfo. Na watsa angurya, ya buɗe famfo. Sai ga ruwa yana tartsatsi tare da tururin, wuta ta yi ja ta dusashe, allurar agogon tururi ta sauka, inji ya fara jan ƙafa kamar tsohon jaki. Mai Lofe ya leƙo daga ofis ya koma. Labbo ya dube ni, fuskarsa ta faɗi duka.

Ndagi ya ce laifinsa ne, ya ɗebo tururin daga ƙasa inda yake da danshi, kuma bakunan sun yi faɗi. Na ce masa dama aikin Banufe sai an maimaita. Ya ce ai shi ya sa Allah ya ba shi Bakatsine ya riƙe masa guduma.

Alhamis, 14 ga Rajab, bayan Magariba

Hayaƙi baƙi. Na kai wa maƙeri bakunan ƙarfe ya matse su.

Asabar, 16 ga Rajab, bayan La'asar

Ya yi.

Ndagi ya mayar da bututun can ƙolin tukunya inda tururi yake a bushe. Ya koya mana sabon hannu kuma. Ba a jibga angurya gaba ɗaya. Kaɗan za ka watsa a gefe ɗaya, ka bar ɗayan gefen yana ci, ka buɗe famfo, ka leƙa ta 'yar kafar ƙofa har harshen wuta ya yi haske, sannan ka rufe don kada a ɓarnatar da tururi. Da na buɗe famfon sai murhu ya ɗauki gurnani, wutar da na saba gani ja mai duhu ta koma fara har ido ba ya iya tsayawa a kanta. Na bar wa Labbo shebur na fita waje na ɗaga kai. Abin da ke fita daga bututu bai fi hucin tukunyar tuwo ba.

Na daɗe a tsaye. Na yi murna irin wadda ban yi ba tun ranar suna, lokacin ma ɓoye ta na yi.

Labbo ya ce shi fa har yanzu bai yarda ba, sihirin Nufawa ne. Amma ya fi kowa son murɗa famfon.

Lahadi, 17 ga Rajab, da hantsi

Na so in kama hanyar Bungudu yau. Na fasa. Bari abin ya zauna tukuna, kada in je in yi wa surukata alkawarin da zai ba ni kunya.

Talata, 19 ga Rajab, da Azahar

Sama fes. Matan unguwa sun shanya gari a fili, har wata tsohuwa ta aiko mana da ƙosai. Aikin ya ƙaru, don yanzu hannu ba ya hutawa tsakanin shebur da famfo. Ko a jikina.

Alhamis, 21 ga Rajab, bayan La'asar

Sama fes. Jakunan auduga ba su zo da yawa ba yau. Mai awo ya ce wataƙila biki ake yi a wani gari.

Lahadi, 24 ga Rajab, bayan Magariba

Na wuni ina gyaran gida. Na kankare kunkunniyar bango, na sauya ciyawar rufin ɗaki, na wanke randa da tulu, na ƙona tsohuwar tabarmar da ake kwantar da mai tari a kai na sayo sabuwa. Lahadi mai zuwa in Allah ya yarda zan je in taho da su. Na ga wani ɗan munduwa a kasuwa daidai ƙaramin hannu. Na ce wa mai kayan na 'yar maƙwabcina ne.

Litinin, 25 ga Rajab, bayan La'asar

Filin awo wayam. Da hantsi mukan ga jakuna sun yi layi har bakin hanya, yau na iya ƙirga su da yatsun hannu. Audugar da ke rumbu ita inji ke ci, ita ma tana ja da baya. Mai Lofe yana ta kai da kawo, ya aiki masinja gari ya jiyo dalili.

Laraba, 27 ga Rajab, bayan Magariba

Dariya da takaici sun haɗu mini yau. Wani ɗan'uwan Hadiza ya sauke mini damin gero biyu daga Bungudu, da saƙon Inna Maimuna. Wai tana yi mini jaje, sun ji inji ya mutu, Bature ya gudu, an sallami ma'aikata. Wai kada in damu da iyali, suna da abinci, in nemi wani aikin a hankali.

Na ce, "Wa ya hwaɗa muku haka?"

Ya ce, "Ba wanda ya hwaɗa. Masu jaki sun duba ba su ga hayaƙi ba."

Na kai shi bakin tukunya ya ga wuta na ci, ya ji ƙarar inji. Ya riƙe baki ya ce to ina hayaƙin. Na ce mun kashe shi. Ya dube ni kamar na ce mun kashe kakarsa.

Masinja ma abin da ya kawo wa Mai Lofe ke nan.

Juma'a, 29 ga Rajab, bayan La'asar, a Tsafe

Mai Lofe ya sa ni da Labbo a motar kamfani, mu zo mu shaida wa mutane inji na nan da ransa. Bayan an sauko daga masallaci Labbo ya kai ni wurin Manu, madugun masu jakin auduga na wannan yanki, tsoho mai farin gemu da ba ya gaggawar magana. Ya ba mu ruwa, ya bar mu muka gama bayani.

Sannan ya ce, "Yaro, bari in hwaɗa maka yadda muka yi. Bara injin ga ya lalace. Munka kai kaɗa, audugarmu ke nan, Gusau, munka iske ba a awo. Munka zauna bakin katanga, ba harawa, ba ruwa, jaki biyu sunka mutu muna kallo. Tun daga nan munka yi shawara. In mun taso Tsahe, zangon Kwatarkwashi muka kwana. Da sahe a hau dutsi a dubi Gusau. In an ga hayaƙi, a ɗaura kaya a wuce. In ba a gani ba, ga hwataken Kano nan zaune zango suna jira, a sayar musu a koma gida. Na Bungudu da na Nahuce su ma suna da tudun da suka hawa."

Na ce, "Baba, ai ga mu mun zo mun hwaɗa maka."

Ya ce, "Kun hwaɗa, na ji. Amma gani ya kori ji. Bara ma cewa anka yi gobe za a gyara."

Ban ga laifinsa ba. Da ni ne mai jakin, abin da zan yi ke nan. Mun dai roƙe shi ya biyo mu ya gani da idonsa, ya ce to.

Lahadi, 1 ga Sha'aban, da hantsi

Ban je Bungudu ba. Ban san abin da zan ce wa Inna ba.

Litinin, 2 ga Sha'aban, bayan La'asar

Manu ya shiga ɗakin tukunya yau. Na watsa angurya, na rufe famfo, na ce ya leƙa waje, ya ga baƙi. Na buɗe, na ce ya sake leƙawa, ya ga ya ɓace. Ya sa na yi masa sau da yawa, yana dariya kamar ana yi masa wasan 'yan kama.

Da ya gama ya ce, "Na yarda. Amma ni ɗaya na gani. Mutanen 'Yandoto ba su gani ba, na ƙauyukkan bayan dutsi ba su gani ba. Kuma ka ce an yarda, to ranad da inji ya mutu da gaske, da mi za mu sani? Da can sama ita ka hwaɗa muna. Yanzu kun rufe mata baki."

Ndagi ya ce a riƙa busa usur ɗin tukunya da safe. An busa, Manu ya tura mutum bakin gulbi ya saurara, daga can ma da ƙyar ake ji, balle Kwatarkwashi.

Talata, 3 ga Sha'aban, bayan Magariba

Mai Lofe ya tara mu. Ba faɗa ya yi ba. Ya ce ta bakin tafinta aikin Ndagi aiki ne mai kyau, shi ma ya so shi, amma in auduga ba ta zo ba za a rufe gidan, kowa ya tafi. Saboda haka daga gobe famfo a rufe tun daga kunna wuta har rana ta yi tsaka, a kuma jibga angurya yadda za a hango daga nesa. Bayan Azahar a buɗe.

Da safe ne hayaƙin ke kwanciya a kan gidajenmu. Da rana dama iska na ɗauke shi.

Na buɗe baki in yi magana. Me zan ce? In tsaya a gaban mutum arba'in in ce 'yata? Ndagi ya dube ni, ya juya ya yi wa Bature magana da Turancinsa na jirgin ruwa. Na ji ya ambaci yara. Mai Lofe ya cire lofen daga baki, ya ce in an gama gurzar bana zai rubuta wa kamfani a ƙara wa bututu tsawo ko a tayar da bukkokin zuwa wani wuri. Zai rubuta. Na san bai yi ƙarya ba, na kuma san tafiyar takarda.

Laraba, 4 ga Sha'aban, da Azahar

Na rufe famfon da hannuna. Labbo ya ce in ba shi shebur shi ya yi na safe, na ce a'a. Hayaƙi baƙi.

Alhamis, 5 ga Sha'aban, bayan La'asar

Jakuna sun fara dawowa. Mai awo har da waƙa.

Na zaga cikin gari neman ɗakin haya nesa da katanga. Wanda na samu a bakin kasuwa, na shafa bangonsa na ga tafin hannuna ya yi baƙi. Ga shi mai hura wuta dole ya kwana inda mai gadi zai tashe shi kafin asuba. Na yi tunanin barin aikin. Gonar mahaifinmu tana hannun yayyena, ba ta ishe su ba su ma. Ko na bari, wani ne zai ɗauki shebur ɗin, ni kuma in koma cin geron surukai.

Juma'a, 6 ga Sha'aban, bayan Magariba

Hayaƙi baƙi da safe, fes da yamma. Sabuwar ciyawar rufina ta fara canza launi.

Asabar, 7 ga Sha'aban, da Azahar

Ndagi ya zauna kusa da ni bai kira ni bawansa ba. Ya ce, "Sahabi, garin gyaran gira na tsone maka ido." Na ce ba haka ba ne, shi ya yi abin da ya sani, kuma ko yanzu rabin wuni ya fi babu. Ya ce gobe za ka? Na ce za ni.

Lahadi, 8 ga Sha'aban, bayan Magariba

Na kama hanya da asuba, na isa Bungudu da hantsi. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Inna Maimuna ta fito ta zauna daga bakin ƙofa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ta ce sun ji inji ya tashi, ta yi mini barka. Na yi mata bayanin famfo da tururi, da masu jaki, da abin da Bature ya yanke. Ta saurara, ban san nawa ta ɗauka ba.

Muna cikin haka sai na ji gudu a bayan danga. Yara ne ke bin 'yar akuya. Na gane muryar yarinyar a cikinsu. Tana ihu tana dariya, ta zaga gidan ta sake zagawa, ina jira in ji tarin nan da kan biyo bayan gudu. Na jira. Bai zo ba.

Ta faɗo zauren da gudu, ta gan ni ta tsaya cak. Ta yi ƙiba kaɗan, ƙafafunta duk ƙasa. Na kawar da kai na dubi bango kamar yadda ya kamata. Ta matso ta taɓa gwiwata da yatsa ɗaya, ta ce wa kakarta, "Inna, hannunshi baƙi." Ta fice.

Inna ta ce, "To, Sahabi, na yi maka magana ranar nan, ba ni janye ta. Ka ce rabin wuni babu hayaƙi. In ka ce su bi ka, su bi ka. Iyalinka na."

Da ta hana ni da ya fi sauƙi.

Na ce, "Inna, uwar ta biyo ni. Yarinyar ku riƙe ta. Taku ta."

Ta ce, "Riƙo na kwana nawa?"

Na ce, "Riƙo."

Sai fuskarta ta washe. Ta kira 'yan'uwanta mata ta ce su zo su ji. Ta ce dama ɗan fari na kakanni ne, haka iyaye suka yi, amma 'ya'yan zamani da suka shiga aikin Nasara sun manta. Ta ce ga ɗan halak mai kunya, ko kallon yarinyar bai yi ba. Suka yi ta sa mini albarka. Na sunkuyar da kai ina amin, amin. Munduwan yana aljihuna, na rasa yadda zan fito da shi a gaban wannan yabo, sai da za mu tafi na tura shi ƙarƙashin tabarma.

Hadiza ta fito da ƙullin kayanta a ka. Ita ma ba ta waiwaya ba, don kunyar uwa ta fi ta uba. Aka raka mu bakin gari ana yi mata barka da miji nagari.

Ina gaba tana baya. Sai da muka wuce gonakin ƙarshe, ba kowa a hanya, na ji takunta ya tsaya. Na juya na ga ta sauke kaya a gindin wata tsamiya ta zauna.

Ta ce, "Malam, ka ji ta kuwa? Tun sati biyu kwance taka kwana."

Na ce, "Na ji."

Ta ce, "Da kac ce ta biyo mu, da ban yahe maka ba." Sannan ta rufe fuska da mayafi.

Ina son yarinyar nan fiye da komai da Allah ya ba ni, kuma yau na bayar da ita aka ce mini madalla. Na zauna a ɗaya gefen tsamiyar. Mun daɗe a wurin har kukan ya ƙare, nata da nawa. Sannan na ɗora mata kayan muka tashi, don gobe da asuba ni ne da hura wuta.